Kacala Daga Sama: Wa Zai Biya Kuɗin Taswirar Ciyawar Da Ta Toshe Kogin Haɗeja?

A Guri da Kirikasamma, da ƙauyukan da ke jere a gaɓar mashigar Marma har zuwa tafkin Nguru, ba a yi wa kowa bayanin kacala. Manomi ya san ta a fadamar da ubansa ya noma shinkafa, wadda yau ko akuya ba ta iya ratsawa. Masunci ya san ta a mashigar da yake bi da kwale-kwale a da, yanzu kuwa sai ya sauka ya sare hanya da adda kafin ya wuce. Makiyayi ya san ta a mashayar da ta rufe. Hatta yaran da ake turawa korar tsuntsu sun san daga cikin duhunta jan-baki ke tasowa da sassafe, su sauka a kan gero da dawa da shinkafa.

To amma a tambaya: hekta nawa ta mamaye bana? Ta ƙaru a kan bara ko ta ragu? Wace mashiga za ta toshe nan da damina biyu? Nan kowa zai yi shiru, kuma ba laifinsa ba ne. Wanda ke tsaye gaban ciyawar da ta ninka shi tsawo ba ya ganin abin da ke bayanta. Masu ganin dausayin gaba ɗaya su ne taurarin ɗan Adam da ke wucewa ta samansa a nisan kilomita ɗari bakwai da wani abu, suna ɗaukar hotonsa duk bayan 'yan kwanaki. Hotunan nan kyauta ne, duk mai intanet zai iya sauke su. Abin da ake nema shi ne kuɗin da za a mai da hoto ya zama taswirar da za a yi aiki da ita, kuma a nan gizo ke saƙar.

Yadda ruwa ya sauya hali

Kacala ba daga wata ƙasa aka kawo ta ba. Masana tsirrai suna kiran ta Typha domingensis, kuma tun da can tana nan a gefen tafkuna, ana yanka ta a yi jinka da asabari, ba ta dami kowa ba. Abin da ke taka mata birki shi ne halin kogin kansa. Kogin Haɗeja da na Jama'are sukan cika su malala da damina, ruwa ya kwanta a fadamu, sannan ya ja da baya da kaka, da rani ƙasa ta bushe ta tsattsage. Kacala ba ta jure wannan bushewar. Saiwarta na son ƙasa mai laima dare da rana, shekara ta zagayo.

A 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma ta Challawa. An gina su don noman rani a Kadawa da kewaye da kuma ruwan shan birnin Kano, kuma babu mai musun amfanin da aka samu. Sai dai tun daga lokacin ambaliyar damina ta ragu, aka kuma riƙa sakin ruwa a hankali har da rani. Kogin da ya saba cika ya ƙafe ya koma mai gudu kaɗan-kaɗan ba yankewa, marar zurfi, ɗauke da ragowar takin zamani daga gonakin sama. Da an tambayi kacala irin ruwan da take so, wannan za ta zaɓa.

Daga nan abu ya riƙa haifar da abu. Ciyawar na rage wa ruwa gudu, yashi da laka su kwanta, kogi ya ƙara zama marar zurfi, ita kuma ta ƙara samun wurin kafa saiwa. Kowane kai ɗaya na furenta yana ɗauke da iri sama da dubu ɗari, iska na kwasa, ga kuma saiwar da ke tafiya ta ƙarƙashin laka tana tsiro a gaba. Tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana suka cushe, yawancin ruwan ya karkata ta Marma ya nufi Nguru. Wasu garuruwan ruwa ya kwanta musu a gona shekara da shekaru, wasu kuma a ƙasa, wajen Gashuwa, suka koma jiran ruwan da ba ya isowa yadda ya saba. Kogin Yobe da ake samu daga haɗuwar waɗannan rassa shi ne iyakar Najeriya da Nijar a wani dogon yanki, kuma da shi manoman tattasai na Diffa ke ban-ruwa. Saboda haka toshewar da ta auku a Jigawa tana taɓa tukunyar wanda bai taɓa jin sunan Guri ba.

Ga kuma cuta. Ruwan da ya tsaya cikin kacala matattarar sauro ne da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ga yara masu wanka, da ciwon hanta ga shanu. Wannan fa dausayi ne da duniya ta san darajarsa: tafkin Nguru da mashigar Marma, hekta 58,100, su ne wuri na farko da Najeriya ta sa a jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci, a shekarar 2000. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a wannan fadama, idan aka haɗa noma da su da itace, ya fi kawo riba nesa ba kusa ba a kan irin wannan ruwan idan aka tare shi don babban aikin ban-ruwa na sama.

Abin da tauraro ke gani, da abin da ba ya gani

Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, shekara biyu kafin a gama Tiga. Hotunan farko ba su da kaifi sosai, amma daga shekarun 1980 kowane ɗigo a hoton yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da faɗi. A da sayen hoto guda yakan ci ɗaruruwan daloli, abin da ya fi ƙarfin malamin jami'a a Kano ko Maiduguri. A 2008 aka buɗe rumbun gaba ɗaya kyauta. Tarayyar Turai ta biyo baya da Sentinel-2 a 2015, ta ƙara na biyu a 2017. Shi ɗigonsa mita 10 ne, wato hekta ɗaya ɗigo ɗari, kuma yana dawowa kan wuri ɗaya duk kwana biyar. Akwai kuma Sentinel-1, wanda ke aiki da rada, gajimare ba ya tare masa gani.

Yadda ake gane ciyawa daga sama ba tsafi ba ne. Ganye mai rai yana shanye jan haske, yana kuma mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani amma na'ura na aunawa. Ruwa kuwa shanye wannan hasken yake yi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da daji ya bushe ƙurmus, duk inda hoto ya nuna ganye shar a tsakiyar ruwa, akwai alamar tambaya. Matsalar ita ce ba kacala kaɗai ke kore a lokacin ba. Akwai shinkafar rani, akwai burugu da roba waɗanda dabbobi ke ci kuma makiyayi ke murna da su, akwai bado a kan tafki. A hoto ɗaya duk kamarsu ɗaya. Sai an jera hotunan shekara guda an bi kowane ɗigo wata-wata: shinkafa za a ga an dasa ta, ta yi kore, an girbe, burugu zai bi ruwa ya tashi ya kwanta, kacala kuwa tana nan daram. Da damina gajimare na rufe hoton, da hunturu hazo na dusashe shi, shi ya sa ake haɗawa da rada, wadda ke iya nuna ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ciyawa mai tsayi.

Kwamfuta ce ke wannan tantancewar, amma sai an koya mata. Koyarwar kuwa ba a ofis ake yin ta ba. Dole mutum ya shiga kwale-kwale da na'urar nuna wuri, ya je ya tsaya ya rubuta cewa nan kacala ce zalla, nan gauraye take da burugu, nan shinkafa ce, nan an sare ta watan jiya. Ɗaruruwan wurare irin wannan ake bukata, a yanayi daban-daban, a ware wasu don koyar da kwamfutar, a ɓoye wasu don a jarraba ta daga baya a ga ko ƙarya take yi. Taswirar da ba a yi mata wannan jarrabawar ba zane ne kawai mai launi. Sannan ƙananan magudanan ban-ruwa, waɗanda faɗinsu bai kai mita goma ba, tauraron kyauta ba ya rarrabe su, sai an tashi ƙaramin jirgi marar matuƙi ya bi su.

Mafi amfani ma ba taswirar inda ciyawar take yau ba ce. Idan aka san irin wurin da take so, wato ruwa marar zurfi, mai tafiyar hawainiya, wanda ba ya ƙafewa da rani, za a iya duba hotunan shekaru a fitar da duk wuraren da suka fara ɗaukar wannan kama alhali ba ta iso ba tukuna. Can ne aikin gayya na kwana biyu zai hana abin da inji zai yi wata shida yana fama da shi. Masu yanka ta sun daɗe da sanin cewa idan aka sare ta ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, numfashi na yanke wa saiwar ta ruɓe, amma idan aka ƙone ta ko aka sare ta a sama, sai ta dawo da ƙarfinta. Ke nan sanin inda ruwa zai kai zurfin da ake so, da makon da zai kai, shi ne rabin aikin, kuma wannan abu ne da hoto daga sama ke iya faɗa.

Ina kuɗin yake?

Ba a ce ba a kashe kuɗi a wannan kwari ba. A 2006 gwamnonin Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka haɗu da gwamnatin tarayya a Damaturu aka kafa asusun amana na kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu-Yobe. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyaran ban-ruwa, kusan dala miliyan 500, wanda ya taɓa aikin Kogin Kano da na kwarin Haɗeja. A ƙarƙashinsa ne aka yi wani bincike da ya haɗa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da Jami'ar Maryland ta Amurka da wata jami'ar fasaha ta Madrid, kan yadda za a mai da kacala abincin dabbobi da iskar gas ta girki. A ƙarshen 2021 bankin ya sake amincewa da shirin ACReSAL, dala miliyan 700, don jihohin Arewa 19 da Abuja. Gwamnatin Jigawa ma, bayan ambaliyar da ta sha fama da ita, musamman ta 2020 da ta 2022, ta sayi injinan haƙa masu tafiya a kan ruwa don yashe kogi.

Duk waɗannan ayyuka ne na alheri. Amma a lura da irin abin da kuɗi ke saurin zuwa gare shi: inji, kwangilar yashe kogi, gini, abin da za a ɗauki hotonsa ranar ƙaddamarwa. Aikin auna ciyawa ba shi da ranar yanka kirtani. Kuɗinsa na man kwale-kwale ne, da alawus ɗin ɗalibai da masuntan da za su nuna hanya, da batirin jirgi marar matuƙi, da intanet mai ƙarfi, da wutar da ba za ta ɗauke ana tsakiyar lissafi ba, da albashin mutum biyu ko uku da za su zauna a kan aikin shekara bayan shekara. A ganina kuɗin inji guda zai ɗauki nauyin wannan duka na tsawon shekaru. Tura inji cikin dausayi ba taswira kuwa kamar shara ce cikin duhu: an gaji, an tayar da ƙura, gari ya waye ba a san inda aka share da inda aka tsallake ba.

Malaman jami'o'inmu da ɗalibansu sun yi rubuce-rubuce a kan sauyin wannan dausayi ta amfani da hotunan Landsat, kuma sun cancanci yabo, don da yawansu daga aljihunsu suka yi. Sai dai kowa da shekarun da ya zaɓa, da iyakar da ya shata, da hanyar da ya bi. Wani ya sa kacala cikin sauran ciyayin ruwa, wani ya ware ta. Shi ya sa alƙaluman da ake ambatawa a taruka ba sa haɗuwa, kuma ba a iya ɗora na wannan a kan na wancan a ce ga yadda abin ke tafiya. Ɗalibi ya gama digirinsa, kundin ya hau kanta, wuraren da ya sha wahalar aunawa a cikin ruwa su tafi tare da kwamfutarsa. Na gaba ya zo ya faro daga farko.

Tallafin bincike da ake samu a gida, irin na asusun TETFund, gajere ne, shekara biyu ko uku, kuma da naira ake bayarwa. Wanda ya rubuta kasafinsa a farkon 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, bayan kamar shekara guda ya ga ta haura 1,500, ga tallafin man fetur an cire. Abin da ake fara yankewa idan kuɗi ya gaza shi ne fita fili, wato ainihin abin da ke ba taswirar gaskiyarta. Ƙasashen Tarayyar Afirka sun daɗe da alƙawarin kashe kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da suke samarwa a kan bincike, Najeriya ba ta kusanci wannan ba. Akwai kuma asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981, wanda jihohi ke karɓar kasonsu daga ciki, kuma da wuya a sami matsalar da ta fi wannan dacewa da sunansa.

Dogaro da na waje kuma mun ga iyakarsa. Shirin SERVIR, haɗin gwiwar hukumar sararin samaniyar Amurka da hukumar USAID, ya buɗe reshen Afirka ta Yamma a 2016, yana aiki da cibiyoyi irin su AGRHYMET ta Yamai wajen horar da masana amfani da hotunan tauraro. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID, kuɗin ya tsaya. Dandalin Digital Earth Africa, wanda ke ba da hotunan nahiyar a shirye har da taswirar inda ruwa ke kwanciya, da kuɗin wata gidauniyar Amurka da gwamnatin Ostareliya aka kafa shi. Najeriya tana da hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, da cibiyar nazarin hotunan tauraro a Jos. Ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta ƙara biyu a 2011, waɗanda tuni suka wuce shekarun da aka ƙera su su yi. Ana yawan maganar sayen sababbi. Ga matsalar kacala dai, ba sabon tauraro ne abin da ya fi gaggawa ba, tunda na kyauta ma ba mu gama cin moriyarsu ba.

Abin da Habasha ta samu

A yankin Afar na Habasha akwai wata ƙaya da aka kawo daga nahiyar Amurka don tare hamada, Prosopis juliflora, wadda mutanen gabashin Nijar da bakin Tafkin Cadi da Sudan ma suka san halinta. Ta cinye makiyaya, ta toshe hanyar rijiyoyi. A 2015 aka fara wani shiri mai suna Woody Weeds a Habasha da Kenya da Tanzaniya, da kuɗin ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin jagorancin cibiyar CABI. An ba shi shekaru masu yawa, an sa ɗaliban ƙasashen a gaba, sun tattara dubban wurare a ƙasa sun haɗa da hotunan tauraro. A 2019 suka fitar da sakamako: ƙayar ta mamaye kimanin hekta miliyan 1.17 a Afar, kusan kashi 12 cikin ɗari na yankin, tana ƙara kimanin hekta 31,000 duk shekara. Da wannan a hannu, magana ta tashi daga koke ta koma lissafi. Ana iya zama a ce wannan yanki ya riga ya tafi, wancan za a iya ƙwato shi, wancan kuma a tsare shi kada ta shiga.

Ba mu kaɗai ba ne da kacala ma. A kwarin Kogin Senegal, tun da aka gama madatsar Diama a 1986, ruwan gishiri ya daina shigowa, ruwan daɗi ya tsaya cak, ciyawar nan ta cika magudanai a Senegal da Muritaniya, har suka koma yin gawayi da kayan gini da ita. Duk mai son kafa irin wannan sana'a a Haɗeja ko Nguru, tambayarsa ta farko ita ce nawa ne kayan, a ina suke, kuma za su ishe shi shekara nawa. Rahoton da kwamitin masana na duniya, IPBES, ya fitar a Satumbar 2023 ya ƙiyasta cewa halittu masu mamaye wuri suna jawo asarar sama da dala biliyan 423 a shekara, kuma ya jaddada cewa tarar su da wuri ya fi komai sauƙin kuɗi. Tara da wuri ba ta yiwuwa ga wanda bai ga tahowarsu ba.

Abin da ya kamata a biya

Ni dai abin da nake gani ya dace shi ne taswira ɗaya, ta hanya ɗaya, duk shekara, daga bakin Tiga da Challawa har Gashuwa da gaba, a ba ta kuɗin shekara goma a jere ba na zango ɗaya ba. A damƙa ta ga jami'o'in da ke zaune a kwarin, ta Gashuwa da ta Dutse da ta Kafin Hausa da Bayero, su yi aiki da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda makullin madatsun ke hannunta. Wannan haɗin yana da dalili. Tushen matsalar yadda ake sakin ruwa ne, kuma taswirar shekara-shekara ce kaɗai za ta nuna ko rufe ruwa na wasu makonni da rani, ko sakin ambaliya mai ƙarfi da damina, yana rage ciyawar ko ba ya ragewa. A sa sharaɗi cewa duk wurin da aka auna da kuɗin jama'a a ajiye shi inda kowane ɗalibi zai samu. Duk kwangilar yashe kogi kuma a ware mata ɗan kaso na aunawa kafin a fara, da bayan shekara ɗaya, da bayan biyu, don a san ko abin da aka biya ya tsaya ko ciyawar ta koma gidanta.

Masunta da manoma da makiyaya su ma a biya su, ba a ɗauke su 'yan rakiya ba. Sarkin ruwa ya san mashigar da ta toshe bana tun kafin kowane hoto ya nuna, kuma wayar da ke aljihun ɗansa tana iya ɗaukar hoto haɗe da wurin da aka ɗauka. In taswira ta fito, a buga ta da manyan haruffa, da Hausa da Kanuri da Bade da Fulatanci, da sunayen mashigai yadda mutanen wurin ke kiransu, a kai ta fadar hakimi da ofishin ƙaramar hukuma kafin ruwa ya sauka, lokacin da ake tsara gayya.

Gwamnonin Jigawa da Yobe da Kano da Bauci, da masu riƙe da asusun amana na Damaturu, da 'yan majalisar da ke wakiltar Haɗeja da Bade da Nguru: kasafin kuɗin baɗi yana hannunku. Ku sa wa wannan taswira layinta a ciki, da sunanta, ku kuma tabbatar kuɗin ya fita kafin watan Maris, don a lokacin ne ake shiga ruwa a auna.